Mai Kaɗa wa Akawu Hagu

Rana ta yi ja, ma'aikata duk sun watse, Akawu ya sauko daga bene da jakarsa a hammata. Ya tsaya a bakin ɗakin maigadi yana ta gyaran murya.

"Baba maigadi, makullin tsohon ɗakin taro nake so."

Maigadi ya rage sautin rediyonsa. "Ranka ya daɗe, me za ka yi a can? Ban da karyayyun kujeru da ɓeraye babu kowa."

"Wasu tsofaffin fayiloli zan duba."

Ƙarya ce. Kuma ƙarama ce, in aka gwada ta da wadda ta kawo shi.

Shekarar Akawu hamsin da tara, saura sati shida ya yi ritaya. Tun zamanin tafireta yake buga takardu a wannan ofis har aka zo kwamfuta. Yatsunsa goma gudu suke a kan haruffa, ko kallonsu ba ya yi. Mutum ne mai kunya, mai tsare girmansa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abu ɗaya ne ke cikinsa. Tun yana neman matarsa, shekara talatin da uku ke nan, ya ce mata shi ne mai kaɗa fiyano a makarantarsu ta sakandare. Gaskiyar magana, shi ne mai goge wa fiyanon ƙura da safe, ya buɗe murfin, ya koma layi. Ya faɗa ne don ta ɗago ido ta dube shi. Ta kuwa dube shi. Daga nan labarin ya girma tare da 'ya'yansu, har ya yi rassa. Har da ranar da shugaban makaranta ya share hawaye da hankici saboda daɗin kiɗan.

Sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa da ke aikin jinya, ta zo gida ran nan tana ta murmushi.

"Baba, ni da su Yaya mun saya maka fiyano. Ranar liyafar ritayarka za a kawo. Kai za ka buɗe taron da kiɗa. Mama ta ce ta gaji da jin labari, da kunnenta take so ta ji."

Ya yi dariya, ya sa musu albarka. Sannan ya shiga banɗaki ya kulle, ya zauna a bakin baho har ƙafarsa ta mutu.

A ɓoye ya samo mai koyarwa, wata dattijuwa da kowa ke kira Malama, mai ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani. Duk Asabar da safe yake zuwa, ya ce wa matarsa aiki ne ya taru. Malama ta ba shi waƙa gajera, layi huɗu kacal a takarda. Hannun dama shi ke rera waƙar, na hagu yana bi a ƙasa da sauti mai kauri. Na dama shi kaɗai, Akawu ya iya cikin sati biyu. Na hagu shi kaɗai ma ya iya. Amma da ya haɗa su sai komai ya rikice. Na hagu ya riƙa kwaikwayon na dama kamar ƙanin da ba shi da wayo. In ya kula da na hagun, na dama ya tsaya cak yana jira.

"Malam, ba takarda kake bugawa ba," in ji Malama. "A can yatsu bi da bi suke yi. Nan tare suke tafiya, kowa da hanyarsa. Rage gudu. Ƙirga da baki."

"Babba kamar ni, ina ƙirga ɗaya da biyu?"

"Babba kamar kai, wata shida zai yi yana ƙirgawa."

"Sati shida gare ni."

"To za ka kaɗa abin sati shida."

Gida babu fiyano, kuma ko akwai ba zai taɓa shi a gaban iyali ba. Shi ne ya tuno da wanda aka jefar a tsohon ɗakin taro tun kafin a ɗauke shi aiki.

Maigadi ya zaro makullin daga ƙusa, amma bai sake shi nan da nan ba. "In ka ji kiran magariba ka fito. Ni ba na zagawa ta can in rana ta faɗi."

"Saboda me?"

"Saboda ba na zagawa."

Ɗakin yana bayan garejin motoci, a ƙarshen wani dogon lungu. Ƙwan lantarki ɗaya ne a ciki, shi ma ya yi duhun ƙura. Warin danshi, da tsohuwar takarda, da fitsarin ɓera. An jibge kujeru ƙafafunsu sama. Can jikin bango, a ƙarƙashin tamfol, ya tarar da fiyanon, baƙi wuluk. Madannansa farare sun koma rawaya kamar haƙoran tsoho. Ya danna ɗaya. Sautin ya fito lafiya lau, kamar jiya aka gyara shi. Abin ya ba shi mamaki, amma bai tsaya tunani ba.

Kwana huɗu yana zuwa. Kwana huɗu yana tuntuɓe a wuri guda, a farkon layi na biyu. Da ya ji kiran salla sai ya rufe, ya mayar da makulli.

A rana ta biyar haushi ya kama shi. Ya dubi hannunsa na hagu kamar ba nasa ba, ya ce masa, "Kai dai ba ka da amfani." Ya yar da shi a kan cinya. Ya rufe ido, ya ci gaba da na dama kawai, ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Aka kira salla aka gama, bai ji ba.

Sai wani sauti mai kauri ya shigo ta ƙasa.

A hankali. Daidai wurin da ya kamata. Ya zaci a kansa yake jinsa. Na dama yana tafe, kaurin yana biye, ba ya wuce shi, ba ya barinsa. Suka haye layi na biyu ba tuntuɓe. Suka kai ƙarshe tare. Ranar ya fara jin waƙar a cike, kuma wallahi ta yi daɗi.

Ya buɗe ido.

Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa. Can gefen hagu, madanni ɗaya yana ɗagowa sannu sannu, kamar yanzu aka cire yatsa daga kansa.

Bai san lokacin da ya kai bakin gareji ba. A gida ya kasa cin abinci. Ya yi rantsuwa a ransa ya bar wurin nan har abada.

Ranar Lahadi yana zaune a falo, matarsa tana ninke kayan wanki, ta ce, "Baban Auta, na gaya wa duk 'yan uwana, kowa zai zo." Ta yi murmushi ba ta dube shi ba. "Ka san abin da ya sa na amsa maka tun farko? Cewa na yi, mutumin da kiɗa ke hannunsa ba zai iya mugunta ba."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bakinsa ya buɗe zai faɗa mata. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kai mu."

Litinin ya koma ya karɓi makulli. Tsoro yana nan, amma kunya ta fi shi nauyi.

Wannan karon da gangan ya zauna har aka gama kiran salla. Ya jingina wayarsa a kan fiyanon, ya danna wurin naɗar sauti. Ya ajiye hannun hagu a cinya. Ya fara.

Da farko shiru. Sai wani ƙauri ya taso, irin na ashana da aka kashe yanzu. Bencin da yake zaune a kai ya yi ƙara ta gefen hagu, ya ɗan lotsa. Sanyi ya dafa masa kafaɗa.

Bai waiwaya ba.

Kaurin ya shigo. Yau har da ado, wasu 'yan sautuka na gudu a tsakani waɗanda babu su a takarda. Da aka gama, ya ɗauki wayar, ya fita da baya da baya. A bakin titi, ƙarƙashin fitila, ya tura wa Auta sautin, ya rubuta, "Hannu ya fara dawowa." Ya tura wa Malama ma.

Auta ta kira nan take. "Baba! Ashe haka ka iya? Wallahi har na yi kuka." Malama ba ta ce komai ba.

Yanzu kam ya ɗaure kansa. Sai dabara ta zo masa. In ya ɗora yatsunsa a kan madannan nan lokacin da suke nutsewa, ai hannunsa zai koya. Haka ya riƙa yi. Kullum bayan magariba ya ɗora hannun hagu a sake, madannan su nutse, yatsunsa su bi. Cikin sati ɗaya yatsun suka daina bi, suka fara dannawa da kansu. Ya ce a ransa ya iya. Amma can ƙasan zuciyarsa ya san ba shi ke motsa su ba.

Ya daina zuwa wurin Malama. A ofis, yana tsaka da buga takarda sai hannun hagu ya bar haruffa ya koma ƙwanƙwasa tebur. Yakan danne shi da na dama har ya lafa. Kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Ran nan matarsa ta miƙa masa makullin mota, yatsunta suka taɓa nasa, ta janye da sauri.

"Hannunka kamar ƙanƙara. Lafiya?"

"Sanyin ofis ne."

Saura kwana takwas liyafa, ranar Alhamis, maigadi ya ba shi makulli ya ce, "Ranka ya daɗe, fayilolin nan suna da daɗin murya." Akawu ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ya zauna. Ƙaurin ya taso. Benci ya lotsa. Suka fara.

Suna layi na uku aka ɗauke wuta.

Babu haske sai ɗan toka-toka da ke shigowa ta wata taga can sama. Ya daure ya kai waƙar ƙarshe. Ya ɗage hannun dama.

Na hagu bai tsaya ba.

Ya ci gaba, wata waƙa daban, mai nauyi, mai sauri. Akawu ya ja hannun. Bai zo ba. Yatsun suna buɗewa, suna miƙewa, suna kaiwa ga madannan da tafinsa bai isa ya kai ba. Gaɓoɓin suka fara ƙas, ƙas. Zafi ya ratsa shi har haƙori.

Sai ya ji abin da ke kan hannunsa.

Wani hannu ne. Mai sanyi, busasshe, ya kwanta a bayan nasa. Yatsun dogaye. Sun wuce nasa, sun lanƙwasa a wuraren da yatsa ba ya lanƙwasawa.

Bai juya ba. Amma katakon da ke gabansa baƙi ne mai sheƙi, kuma ya ga inuwarsa a ciki. Kusa da ita akwai wata. Ta fi shi tsawo nesa. Ta ranƙwafo don kada kanta ya taɓa rufi.

Numfashi ya sauka a kunnensa na hagu.

"Ka ce musu kai ne."

Raɗa ce, kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Na ba ka nawa. Ba ni naka."

Sanyin ya bar wuyan hannu ya hau gwiwar hannu. Duk inda ya wuce, wurin ya daina zama nasa. Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar dutse. Ya kama hannun hagu da na dama yana ja, kamar mai jan ƙarfe da aka kafe.

Sanyin ya kai kafaɗa.

Murfin madannan ya fara saukowa da kansa. Sannu. Sannu.

"Wa ya kaɗa?" in ji raɗar.

Sanyin ya gangaro ƙirji.

"Wa ya kaɗa?"

"Ba ni ba ne."

Da ƙyar ta fito. Sauran suka biyo ta da kuka.

"Ba ni ba ne! Ban iya ba! Ban taɓa iyawa ba! Ƙura nake gogewa, ƙura kawai!"

Kiɗan ya tsaya.

Shiru.

Sai wani abu ya fara girgiza bencin. Dariya ce, marar sauti. Riƙon ya ɗan sassauta.

Ya fizge.

Murfin ya faɗo, ya datse masa kan yatsu biyu. Bai ji zafin ba. "A'uzu billahi" ta kuɓuce daga bakinsa da ƙarfi. Ya yi karo da kujeru, ya faɗi, ya tashi. A bayansa duk wayoyin cikin fiyanon suka ɗauki amo lokaci guda. Ƙofa. Lungu. Ƙafa ɗaya ba takalmi.

Can bakin lungun hasken tocila yana rawa. Maigadi ne a tsaye, bai shigo ko taku ɗaya ba, yana ta kira, "Taho! Kada ka waiwaya! Taho!"

Akawu ya faɗa jikinsa. Sai a lokacin ya ga jini.

Har yau Akawu bai san ko gaskiyar da ya faɗa ce ta sa aka sake shi ba, ko kuwa dariya ce kawai ta ci ƙarfin mai riƙon.

Auta ce ta wanke ciwon da hannunta, a falo, uwarta na riƙe da fitila. Tana naɗa bandeji yana magana, idonsa a ƙasa. Ya faɗa musu komai, tun daga tsumman goge ƙura har zuwa murfin da ya datse shi. Bai rage ko ɗaya ba. Faɗin ya fi datsewar ciwo.

Auta ta tsaya da naɗin. "To Baba, wanda na ji a waya fa?"

Ta ɗauko wayarta ta goge sautin, ta goge na tasa, ta je ta wanke hannu har sau uku.

Matarsa ta ajiye fitilar. "Shekara talatin da uku," ta ce. Ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye abinci ta juya. Ya gwammace ta zage shi. A rana ta uku ta dire masa shayi, ta tsaya a kansa.

"Ba rashin iyawar ne ya ƙona min rai ba. Tsoron da ka ji na ka gaya min ne, har ka gwammace aljani a kaina." Ta gyara mayafinta. "Darasin nan naka, Asabar ƙarfe nawa ne?"

An yi liyafa ba kiɗa. Mutane suka ga bandeji suka yi masa sannu, shi kuma bai fake da shi ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ban iya ba ne, yanzu nake koyo." Kowace faɗa sai kunnuwansa sun yi zafi. 'Yan uwan matarsa suka yi ta kallon juna.

Da yatsun suka warke ya hau benen kantin magani, matarsa na biye. Malama ta dube shi, ta dubi hannun.

"Malam, saƙonka sau ɗaya na saurara. Akwai wurin da aka danna madanni bakwai a hagu lokaci guda, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe ya fi tafin hannu biyu. Ni ma ina jin kunyarka. Ya kamata in kira ka a ranar, tsoro ya hana ni." Ta buɗe takarda. "Zauna. Layi na biyu."

Wata bakwai ya yi kafin ya haɗa layi huɗun nan da hannu biyu, a hankali, kamar mai tafiya a kan santsi. Yatsu biyun da aka datse ba su sake yin ɗumi ba, ko da rana tsaka. An sa wa tsohon ɗakin taro sabon kwaɗo, maigadi ya jefa makullin inda shi kaɗai ya sani.

Fiyanon da yara suka saya yana falo. Da hantsi kawai Akawu yake taɓa shi, labule a buɗe. Kuma ba ya iya zama gefensa na hagu babu kowa. Bai taɓa roƙon matarsa ba, ita ta lura. Da ta ji ya buɗe murfi sai ta bar abin da take yi, ta zo ta zauna a wurin, ta cika shi tsaf, kafaɗarta na gugar tasa. Ba ta san komai a kiɗa ba, amma kunnenta ba ya barin kuskure ya wuce.

"Ɗaya, biyu, uku," yana ƙirgawa da baki, gumi a goshinsa. Na hagu ya yi tuntuɓe.

"Ka kauce," ta ce. "Koma farko, Baban Auta. Ina nan."